Amanar kuɗin koyon renon itatuwa: nasiha ga matasan Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa. Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai, yau dai zan fitar da ita.

Bara waccan na je wani horo da aka shirya wa mutanen ƙauye a gabashin Sakkwato. An ce don masu saran icce ne da masu gawayi, waɗanda tuwon gidansu yake bakin gatarinsu, a koya musu sana'ar da za ta ciyar da su ba sai sun ƙarasa dajin ba. Da na duba takardar sunaye, yawanci irinmu ne 'yan birni, kowa da wanda ya tsaya masa. Aka sa hannu, aka karɓi ambulan, aka ɗauki hoto. Ranar kasuwa na ga baro da garwar ban ruwan da aka raba ana cinikinsu, ko fentinsu bai goge ba. Dashen kuwa ya bushe a cikin ledojinsa a bayan aji. A bakin ƙofa wani dattijo riƙe da jakinsa ɗauke da icce ya ce mini, "Ɗana, mi aka rabo ciki?" Kunya ta hana ni ba shi amsa.

Ku ji tsoron Allah, ƙannena. Kuɗin irin wannan aiki suna da dalili. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa don tare hamada daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, a jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi ne, 'ya'yanmu za su biya. Duk wanda ya san Illela ko Gada ko Tangaza ya san yadda iska ke kwaso rairayi ta binne sabon tsiron gero, sai manomi ya sake shuka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ilimin da ake tsallakewa don a kai ga ambulan, alhali abinci ne na shekara da shekaru. Irin bagaruwa yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya tsiro da wuri. Dashe sai damina ta zauna, a watan Yuli, kuma in ba a kewaye shi da ƙaya ba, akuya za ta gama da shi kafin la'asar. Ranin farko shi ne gwajin mai dashe, lokacin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 kuma rijiya ta yi nisa. Wanda ya jure, bagaruwarsa majema za su saya, don da ita ake jeme fatar jan akuyarmu da duniya ta san mu da ita. Dakwara bayan shekara huɗu zuwa biyar takan fara ba da ƙaro. Gawo kuwa ni'ima ce: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da tumaki.

Ku leƙa maƙwabtanmu na Maraɗi. Tun wajen 1983 manomansu suka fara barin kututturen sabara da kalgo da gawo a gona, su zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi su sare sauran. Sassaben zamani suke ce masa. Ba famfo, ba leda, wuƙa kawai da haƙuri, amma yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar. Ƙasar nomanmu iri ɗaya, ruwanmu ɗaya, harshenmu ɗaya. Mai saran iccen nan da muka tare wa gurbi ya fi mu sanin wane kututture ne ke da rai, shi ya fi cancanta a koya masa.

Manzon Allah (SAW) ya ce babu Musulmin da zai dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi, face an rubuta masa sadaka. To ina makomar wanda ya cinye kuɗin dashen?

In ka san ba za ka riƙe garwa ba, kada ka cike fom. Kana da waya, kana jin Turanci, kawunka na ƙauye ba ya da su. Hau mashin ka je ka same shi, ka karɓi lambar katin ɗan ƙasarsa, ka rubuta sunansa, ranar horo ka goyo shi ka kai shi har ƙofar aji.