Hiace a Gran Turismo 7, ina motocin tseren?

Labarin nan na cewa 'yan wasa na ƙorafi kan motocin da ake ƙarawa a Gran Turismo 7, wasan bidiyo na tseren motoci, gaskiya ne, ni ma abin na ci min rai. Tun fitowarsa a 2022 nake bugawa. Sai ka yi wata guda kana jiran sabuntawar wasan, a kawo motoci uku kacal, a ciki har da Toyota Hiace, irin wadda muke shiga a tasha in za mu je Zariya. Ban raina ta ba, akwai masu sonta. Amma galibin motocin Gr.3, wani rukunin motocin tsere da muke fafatawa da su a intanet, tun zamanin GT Sport suke, wato wasan da ya gabaci wannan. Don Allah a fara sabunta su tukuna.