Kwana uku ba su isa koyon nutso ba, musamman gare mu ƴan Yamai

Ƴan uwa, tun da matasanmu suka fara zuwa hutu Masar da Dakar wani abu ya shigo da nake so mu tattauna. Mutum zai tafi Hurghada ko Sharm el-Sheikh, garuruwan bakin Bahar Maliya a Masar, na sati ɗaya, ya ga talla cewa cikin kwana uku za a koya masa nutso da tukunyar iska a ba shi katin shaidar ya iya. Ya biya, ya dawo yana nuna mana hotunansa cikin kifaye. Wallahi ina taya shi murna, don abin da Allah Ya ajiye a ƙarƙashin Bahar Maliya ya isa a je a gani. Amma wannan gaggawar ba da mu aka auna ta ba.

Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke tsara koyon nutso da ba da katin, wanda suke kira Open Water, kashi uku ne: karatu babi 5, darasi 5 a kwamin ninkaya ko wani ruwa marar zurfi, sannan nutso 4 a teku. Huɗun nan ba a yarda a yi su rana ɗaya ba, sai an raba su aƙalla kwana biyu. Biyun farko ba a wuce mita 12, biyun ƙarshe a iya kaiwa 18. Kuma kafin a ba ka katin sai ka yi iyo mita 200 ba tsayawa (ko mita 300 da gilashin fuska, bututun numfashi da takalmin iyo), ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. A takarda duk wannan yana shiga kwana uku, ga wanda ya tashi yana wasa da ruwa tun yana yaro.

Mu fa? Ƙasarmu ba ta da teku. Kogi ya ratsa Yamai, gaskiya ne, amma in ka cire Sorkawa da yaran bakin ruwa, yawancinmu daga kan Gadar Kennedy muka san shi. Iyaye ma hana mu zuwa suke yi, kuma suna da dalilinsu. Wanda bai taɓa buɗe ido cikin ruwa ba shi ne za a ɗora wa tukunya a baya ranar Litinin, ranar Laraba a ce ya ƙware?

Akwai darasin da malami zai ce ka cire gilashin fuskarka a ƙarƙashin ruwa, ka ci gaba da numfashi ta baki, ka mayar da shi, ka hura iska ta hanci har ruwan ya fita. Na ga ƙato, mai gemu, ruwa na taɓa masa hanci ya zabura ya miƙe tsaye yana tari, idanu jajir. A kwamin ninkaya ba komai, ƙafarsa na taɓa ƙasa. A mita 12 babu inda zai miƙe. Wanda ya firgita abu biyu yake yi, ya riƙe numfashi ya yi sama da gudu, kuma su ne ainihin abin da aka hana. A mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na sama sau biyu, don haka iskar da ka shaƙa a can tana kumbura ninki biyu kafin ka iso sama. In ka rufe mata hanya, huhu ne zai yage. Kowa yana iya haddace wannan cikin minti biyar. Jiki ne ba ya haddacewa da wuri. Sai an maimaita, an kwana, an dawo washegari an sake, har ruwa ya shiga hanci zuciya ba ta buga ba.

Ga kuma abubuwan da mai tallar can bai san su game da mu ba. Da yawa muna tafiya hutu ƙarshen shekara, lokacin da ƙurar hunturu ta toshe mana hanci. Mai mura ba ya iya daidaita iskar cikin kunnensa da nauyin ruwa in yana sauka, in ya matsa dole fatar cikin kunnen tana iya fashewa. Wanda yake da kwana shida zai jira mura ta sake shi. Mai kwana uku zai danne zafi ya sauka, don ya riga ya biya. Haka azumi: ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon da iskar nitirojin, wadda ke taruwa a jikin mai nutso, ke haddasawa, don haka ni ba zan sa kwas ɗina cikin Ramadan ba. Sannan jirgi. Ƙa'ida ita ce bayan nutso fiye da ɗaya a jira aƙalla awa 18 kafin a tashi. Duk wanda ya gama nutsonsa da la'asar ya hau jirgin dare, da ransa yake wasa.

Na san amsar da za a ba ni: kowane kwana a otal kuɗi ne, kuma ba a tsince su ba. Haka ne. Shi ya sa nake cewa a fara daga gida. Iyo a koye shi nan Yamai, akwai otal-otal masu kwamin ninkaya, a yi ta zuwa har mita 200 ɗin ta daina zama abin fargaba. Karatun kuma ana yin sa ta intanet, akwai shi da Faransanci da Larabci, ka gama shi a ɗakinka da shayinka a gefe. In ka isa can sai ruwa kawai ya rage maka, ka ba shi kwana huɗu ko biyar, ka bar ranar ƙarshe ba shiga ruwa.

Ban ce a ja abin har ya yi tsami ba. Wanda ya yi darasin ruwa marar zurfi yau, PADI ta ba shi wata 12 ya ƙarasa nutson teku a wata makaranta, amma in ya bar watanni suka wuce hannunsa zai manta, sai ya nemi a sake bi da shi kafin ya shiga teku.

Kafin ka tura kuɗi, ɗan uwa, rubuta wa makarantar ka tambaye su ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya, kuma in ka kasa wani darasi za su ƙara maka rana ko kuwa. Ka faɗa musu gaskiyar iyonka tun daga nan, ko da bara ka fara.