Mai ƙarancin maki ne zakara a tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska

Wanda ya saba da teburin ƙwallon ƙafa, in ya ga sakamakon wannan gasa sai ya ɗauka an kifa shi ne: mai maki 11 a sama, mai 19 a ƙasa. Ba kuskure ba ne. A dokokin World Sailing, hukumar da ke kula da wannan wasa a duniya, jirgin da ya zo na ɗaya maki 1 yake samu, na biyu 2, haka har na ƙarshe. Maki a nan kamar bashi yake, kowa gudunsa yake yi.

Kuma yawan zuwa na ɗaya ba shi ke ba da kofi ba. A ce tsere biyar aka yi, aka yarda kowa ya zubar da mafi muninsa. Wani ya zo na 1, 1, 9, 8, 10. Ya zubar da 10, saura 19. Wani kuma 3, 2, 3, 4, 3, ya zubar da 4, saura 11. Na biyun ne zakara, alhali ko sau ɗaya bai zo na ɗaya ba. A ganina hakan daidai ne, don iska takan juya ta ɗaga wanda bai cancanta ba.

Wanda bai kammala tsere ba, ko aka kore shi, ana ba shi maki daidai da adadin jiragen da suka shiga gasar a ƙara ɗaya. Yana iya zubar da shi, sai dai in korar ta babban laifi ce.

A gasar Olamfik ta 2008 an kawo tseren ƙarshe na jirage goman da ke kan gaba, makinsa ninki biyu, kuma ba a zubar da shi.