Dukushin Kentaki na da takarda, namu sai bakin dillali

Tunda na zo Lexington a jihar Kentaki ta Amurka, ba tseren dawakin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da ake yi wa dukushi tun yana ɗan ƙarami shi ne ya dame ni, domin kullum sai ya tuna mini da gida.

A nan, in goɗiya ta haihu, mai ita yana da kwana 30 ya sanar da ƙungiyar Jockey Club, wadda tun 1896 take riƙe da littafin asalin dawakin tsere na jinsin Thoroughbred. Za a ɗauki hoton dukushin ta kowane ɓangare, a rubuta launinsa da duk wani farin da ke goshi ko ƙafa, a tsige gashi daga gezarsa a kai ɗakin gwaji don a tabbatar ingarman da aka ce shi ne uban, shi ɗin ne. Daga 2017 kuma ana dasa masa 'yar na'ura a wuya mai ɗauke da lambarsa. Kuma dole ingarma ya hau goɗiya da kansa. Wanda aka samu ta hanyar ɗura maniyyi ba ya shiga littafin.

Sai maganar jiha, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Doki ɗan jihar da aka haife shi ne, ba inda mai shi yake zaune ba. Kentaki tana karɓar harajin kashi 6 cikin 100 a kan kuɗin barbara, kuma daga ciki take ba masu kiwo lada idan dokin da aka haifa a hannunsu ya ci tsere. Amma da sharaɗi: ingarman ya kasance a Kentaki yake, goɗiyar kuma ta zauna cikin jihar tun daga barbara har haihuwa, wajen wata 11 ke nan. Duba abin da ke cikin waɗannan watanni: mai sayar da ciyawa ya ci, likitan dabbobi ya ci, mai gyaran kofato da ɗan barga sun ci. Saboda wannan aka yi dokar.

Mu fa? Wa ya kai mu son doki? Wanda ya taɓa tsayuwa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ba sai an gaya masa ba, har UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya a 2024. Muna da sunan kowane launi: akawali, kili, danda, bidi. Amma je kasuwar Maigatari ka tambayi uban ingarman da ake tayawa, ko kakarsa. Abin da dillali ya faɗa, shi ke nan. Tsofaffin 'yan barga a gidajen sarauta sun san asalin dawakinsu tiryan-tiryan, na yarda, kuma saninsu na doki ya wuce na masu takarda da yawa da na gani a nan. To a ka yake. In Allah ya karɓi ran dattijo, da shi ake binne wannan sani.

Shi ya sa mai kuɗinmu, in yana son dokin folo, sai ya aika Ajantina, mutumin ƙauyen da ya sha wahalar goɗiya shekara guda kuma ba wanda ya san sunansa. Dokinsa zai yi fice a filin sukuwa, a yi wa mahayi kirari, a yi wa mai doki, shi ko sisi.

Ba sai mun fara da ɗakin gwaji ba. Masarautar Kano ko Katsina, tare da ma'aikatar dabbobi ta jiha, su buɗe littafi ɗaya a hannun Shamaki: sunan uwa, sunan uba, garin haihuwa, launi, hoto, da sunan wanda ya yi kiwon. A kowace sukuwa a ware tsere guda na dawakin da ke cikin littafin kaɗai, a cire wa makiyayin kasonsa daga kyautar, a kira sunansa da na garinsu a lasifika.