Wasan da ya sa na san maƙwabtana

Jama'a, masu cewa wasan waya yana kashe zumunci, ku zo mu yi magana. Ni dai Pokémon GO ya cinye mini takalmi, ya kuma haɗa ni da mutane.

Kamfanin Niantic ne ya fito da shi a Yulin 2016. Taswirar garinku ita ce filin wasan. GPS na bin sawunka, ka ɗaga kyamara sai ga dodo tsaye a bakin titi kamar da gaske. Kana son ƙwan dodo da ka samu a wasan ya ƙyanƙyashe? Sai ka taka kilomita 2, ko 5, ko 10. In ka ce za ka yi wayo da mota, da ta ɗauki gudu lissafi ya tsaya.

Tafiyar ba ita ta kama ni ba. A 2017 suka kawo farmakin taro, wato manyan dodannin da mutum ɗaya ba zai iya kayarwa ba, dole ku hallara wuri guda a lokaci guda. Lokacin ina karatu a Ingila, wata shida a unguwa ba mai ce mini ci kanka. Wata Asabar na tsaya gindin wani mutum-mutumi a bakin lambu, ana yayyafi, mu wajen tara kowa ya duƙufa kan waya. Wata tsohuwa riƙe da waya biyu, tata da ta jikanta, ta dube ni ta ce kar in shiga tukuna, akwai mutum biyu a hanya. Muka jira su. Dodon dai ya kuɓuce mini, amma daga ranar in mun haɗu a kanti sai mun tsaya gaisawa.

Shi ya sa da korona ta zo a 2020 aka ba da damar yin farmakin daga ɗaki, raina bai so ba, ko da yake lalura ce. A Afrilun 2023 suka ƙara kuɗin tikitin shiga farmaki daga ɗaki, suka ƙayyade biyar a rana, 'yan wasa suka yi musu ca. Ni na fahimci kamfanin, wasan na titi ne.

Sai dai fa ina tuna wanda ke kan keken guragu, da na ƙauye wanda zai buɗe taswira ya ga fili fetal, ba tasha ko ɗaya, wato wuraren da ake zuwa ɗaukar kayan wasan. Tashoshin farko daga wuraren da 'yan wasan Ingress, wani wasan Niantic da ya riga wannan fitowa, suka tura aka ɗebo su, galibinsu kuwa mutanen birni ne. Shi wannan bawan Allah, ina zai samo mutum tara?