Awa Huɗun Da Fayiba Ta Hana Ni

A 2002 na fara shigo da intanet gidanmu da ke Shara Mansur a Makka, shekara uku bayan an buɗe wa jama'ar Saudiyya ita. Kati kake saya a bakala, wato kantin unguwa, ka kankare, ka zare wayar tarho ka cusa a bayan kwamfuta. Daga nan modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya fara kuka, kiii, kurrr, shiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin tukunya. Inna har "A'uzubillahi" take yi daga kicin.

A jikin kwalin modem ɗin an rubuta 56k, wato kilobit 56 a daƙiƙa. Wannan alkawarin ɗan kasuwa ne. Layinmu 28.8 yake ba ni, ranar da ya tashi da fara'a ya kai 33.6.

A haka Gwaggo ta sa aka turo mini hoton yarinyar da take so in aura daga Kano, megabait guda cif, aikin minti biyar. Hoto a lokacin daga sama yake sauka, layi-layi, kamar ana saƙa tabarma. Na ga bango. Na ga kan ɗankwali. Ɗaurin kuwa gwaggwaro ne, shi kaɗai ya cinye minti biyu. Goshi ya fito, gira ta leƙo, zuciyata na dukan uku-uku, sai Inna ta ɗaga kan tarho za ta kira maƙwabciya a kan aron turmi. Layi ya yanke. Dare uku ina wannan fama, ban taɓa wuce gira ba. Na dai ce na amince, girar ba ta da laifi. Yau 'ya'yanmu biyar.

Bara aka ja mana fayiba. Zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ke gudu a cikinsa maimakon sauti a wayar tagulla. Na ɗauki ta megabit 500, kusan ninki 9,000 na abin da kwalin can ya yi alkawari. Gigabait ɗaya da zai ci wa tsohon modem awa 40 yana kuka, yanzu daƙiƙa 16 ce. Amma ku zo ku ji autana idan wasansa ya ɗan tsaya: "Abba, intanet ɗin nan ta mutu!" Yaron da bai taɓa jiran gira ba.

To, surukina ya zo Umara ya sauka a wurinmu. Dattijo ne mai kwarjini, ko ido ba na iya haɗawa da shi. Ranar da ya iso na karɓi wayarsa da hannu biyu na sa masa lambar sirrin wayifai, ina jin kaina surukin kirki.

Na raka shi sayen tsaraba. Alhaji Larabcinsa kalma uku ne, amma da su ya durƙusar da mai shagon dardumai. "Kam? La, la! Khamsa!" Wato "Nawa? A'a, a'a! Biyar!" Yana faɗa yana kaɗa carbi, ya juya kamar zai tafi, ya dawo. Da muka koma gida na kulle ɗaki, na yafa rawani, na ɗauki carbi, na kwaikwaye shi tsaf a bidiyo, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya taya. Abokina na Jidda zan tura wa, mu yi dariyarmu mu biyu.

Sunan abokin da sunan zauren danginsu uwargida a WhatsApp suna jere. Yatsa ya zame.

Na yi lissafin daga baya, don baƙin ciki ma yana son lissafi. Bidiyon megabait 60 ne. Tsohon modem wajen turawa ba ya wuce 33.6, wato kusan awa huɗu. Awa huɗu! Da na yi wanka, na je Harami na yi ɗawafi, na nemi gafara, na dawo na zare waya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ko ban zare ba Inna za ta zare mini. Fayiba kuwa kafin in ce "Inna lillahi" ta kai saƙo Kano da Katsina, ta kuma kai shi falo, bango ɗaya tsakaninmu.

Na danna gogewa hannuna na rawa. Sai na ji muryata daga falo tana cewa "La, la! Khamsa!" da ƙarfin lasifika.

Uwargida ta leƙo, girar nan a ɗage. "Baba na kira."

Na shiga na durƙusa tun daga bakin ƙofa, rawanin ma na manta ban cire ba. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Malam, sannu da aiki."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba, sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan bai je kasuwa da mu ba. Kuma ka yi kuskure, ba da dama nake kaɗa carbin ba, da hagu ne." Ya miƙo mini nasa. "Tashi ka sake. Hajiyarku ta bugo daga Kano, ta ce nata ya goge kafin ta kai wurin tarin."