Mai ciwon suga, yaushe rabonka da awon hawan jini?

'Yan'uwa masu fama da ciwon suga, da ku matasa masu kula da iyaye, ku ba ni aron kunnuwanku. Da yawanmu mun ƙware wajen huda yatsa da sassafe. Mutum zai faɗa maka lambar sugansa ta jiya da ta shekaranjiya ba tare da ya duba takarda ba. Amma ka tambaye shi nawa jininsa yake, sai ya ce, "Ai ni ba na ciwon kai." To, hawan jini ba ya sallama. Yakan yi shekaru a jikin mutum ba ciwon kai, ba jiri.

Abin da ya fi kashe masu suga shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin waɗannan biyun ga babban mutum mai suga ya ninka na wanda ba shi da ita sau biyu zuwa uku. Dalili kuwa a fili yake. Suga idan ta daɗe da yawa a jini tana cin bangon jijiyoyin jini daga ciki, ta sa su yi tauri. Hawan jini kuma yana ta dukan wannan bango dare da rana. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga: kitse ya maƙale a wurin, hanya ta ƙuntata, wata rana gudan jini ya toshe ta. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya tafi. Ƙoda da idanu ma ba su tsira ba.

Akwai wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, UKPDS, wanda sakamakonsa ya fito a 1998. An bi mutum 1,148 masu suga da hawan jini. Waɗanda aka matsa wa da magani, jininsu ya tsaya wajen 144/82, sauran kuma wajen 154/87. Tazarar goma kacal a lambar sama, amma shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 44 cikin ɗari, mutuwar da ke da nasaba da suga ta ragu da kashi 32. Yau yawancin likitoci suna so mai suga ya zauna ƙasa da 130/80.

Saboda haka ka riƙa awo, kuma ka yi shi daidai: ka zauna minti biyar tukuna, ka jingina bayanka, hannu a saitin ƙirji, ka rubuta abin da ya fito. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 150 a mako. Taba kuwa ba ta da wani uzuri a nan.

Inda na fi jin haushinmu shi ne batun magani. Jini ya sauka, sai mutum ya ajiye ƙwayoyi wai ya warke. Malam, maganin ne ya saukar da shi! In maganin hawan jini na lisinopril ya sa ka tari, ka koma a canza maka, akwai irin su losartan. Mai juna biyu ko mai shirin ɗauka ta sanar da likita, domin waɗannan biyun ba a shan su da ciki. Ka kuma rage hannu da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, suna ɗaga jini suna gajiyar da ƙoda. In ka kai shekara 40, ka tambayi likita batun maganin rage kitsen cikin jini, ka kuma yi gwajin fitsari na ƙoda sau ɗaya a shekara.

Ku kuma matasa, ku san wannan: suga tana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, don haka bugun zuciya zai iya kama Baba ko Inna ba tare da ƙirji ya yi ciwo ba. In kun ga numfashi na sarƙewa, ko gumi mai sanyi, ko tashin zuciya da kasala haka kawai, ko baki ya karkace, magana ta harɗe, kada a ce bari a ga safiya. A ɗauke su zuwa asibiti a lokacin.